Ruwan Gure a Gindin Tsamiya

Cikin duk shekarun da na yi a aikin jirgin ƙasa, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da na tsayar da jirgi a dokar daji, inda ba tasha ba gari. Ku da kuke tuƙa kamyo yanzu tsakanin Gure da Damagaram, kuna ganina a kan wannan benci kuna ce mini Baba Mai Birki, amma yawancinku ba ku san mafarin sunan ba. Wasunku ma ba su taɓa ganin jirgin ba sai a hoton littafin lakwal, wato makarantar boko. To ku matso, tunda lodi bai cika ba.

Shekara ta huɗu ke nan da isowar layin dogo Nguru. Ni na bar Gure ne lokacin da kumandan, Baturen da ke mulkinmu, ya matsa da aikin tilas. Na tsallaka ƙasar Ingilishi daga ni sai sandata, na fara da dako a tasha, har Allah ya sa aka ɗauke ni mai birki. Ga yadda aikin yake. Direba da mai zuba gawayi suna can gaba a kan jirgi. A tarago na ƙarshe akwai gadi, shi ne shugaban tafiya, yana riƙe da tuta biyu, ja da koriya, da usur, da littafin da yake rubuta duk abin da ya faru a hanya. Ni ina ƙarƙashinsa. Aikina in murɗa birkin hannu in an ce in murɗa, in kuma sa ido da hanci a kan ƙafafun tarago. Kowace ƙafa tana da akwatin mai. In man ya ƙone ƙarfe ya ɗau zafi, sai ka ji ƙauri kamar tsumma ya faɗa murhu, kuma in ba a tsaya ba gobara ce. Ban da wannan, sai ko wani abu ya tare layi, ba abin da ke tsayar da jirgi tsakanin tasha da tasha. Wanda ya sa aka tsaya ba dalili, a bakin aikinsa.

Gadinmu Malam Audu ne, Banufe, dogon mutum mai agogon sarƙa. Bai iya zagi ba, bai kuma iya sassauci ba. Na taɓa ganin ya bar surukinsa a tashar Ringim yana alwala, ya busa usur, don agogo ya ce lokaci ya yi.

Fasinjojinmu kuwa mun san rabinsu da fuska. Akwai mata masu bandar kifi da ke hawa a Malam Madori duk ranar kasuwa, kowace da gurbinta a benci, wanda ya zauna mata ya sha baki. Akwai wani akawun gyaɗa da ke sauka Nguru ranar Litinin ya koma gida Alhamis, har ya iya barci a tsaye. Sai masu shan iska. Waɗannan ba inda za su. Ango da abokansa su sha manyan riguna, su yanki tikitin tasha ɗaya, su sauka, su tako gida da ƙafa, su shekara suna ba da labari.

Ranar da nake gaya muku Alhamis ce, da kaka, an gama yankan gero ana tonon gyaɗa. Da hantsi ina zagaya ƙafafun tarago a tashar Nguru sai na ji an kira ni da sunan da ba wanda ya san ni da shi a can, Isufu ɗan Habu. Na waiga, sai ga Baba Kyari zaune a kan tabarma. Ku ba ku riske shi ba. Shi ne madugun da ke kai kanwa da gishirin mangul daga nan Gure zuwa Kano, ubana ma a ayarinsa ya yi jan raƙumi. Muna yara in ya ratso kasuwa sai mu yi tsit. Ranar kuwa na tarar da tsoho ya rame, idonsa ya yi fari da yana, ƙafafunsa sun kumbura don kwanakin da ya yi a kan jaki. Ba shi da kaya sai wata gora da ya rungume, an toshe bakinta da tsumma.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, sannan ya ce in kai shi wurin madugun jirgi, yana da magana da shi. Shi a saninsa kowace tafiya tana da madugu, kuma in dattijo ya roƙi a ya da zango a wuri kaza, ana duba girmansa. Ya ce an gaya masa layin ya ratsa tsohuwar hanyar ayari tsakanin Gagarawa da Taura, kusa da wata tsamiya mai rababben gindi da tsohuwar rijiya. Nan yake son a sauke shi ɗan lokaci kaɗan.

Tsamiyar nan na san ta. Duk zuwa duk dawowa ina ganinta ta hannun dama in mun nufi Kano, ita kaɗai a tsakiyar fili. Ban taɓa sanin Mamadu ne kwance a gindinta ba. Mamadu babban ɗansa ne, sa'ana, tare muka yi karatun allo. An dai ce mana ya rasu a hanyar Kano a tafiyarsa ta farko, ba wanda ya ƙara bayani, ba kuma wanda ya isa ya tambayi uban.

A nan kan tabarma ya gaya mini. Sun iso rijiyar da yaron yana fama da zazzaɓi, suka tarar ta ƙafe. Da asuba ya cika. Ba ruwan wanka, taimama aka yi masa, ba kuma ko ɗigon da za a yayyafa wa kabari. Ga raƙuma da mutane sun kwana biyu ba su sha ba. Ana gama tura ƙasa ya ce a ɗaura kaya. Bai zauna ba ko na ƙiftawar ido.

Ya ce, "Bayan nan shekara goma sha ɗaya ina bi ta wurin, zuwa da dawowa. Ko waiwaye ban taɓa yi ba, don kada a ce madugu yana tsayar da ayari saboda nasa. Yanzu raƙuman sun ƙare, ƙafar ma ta ƙare. Wannan ruwan rijiyar gidanmu ne."

Na kai shi wurin Malam Audu ina yi musu tafinta inda Hausarsu ta saɓa. Malam Audu ya saurara har ƙarshe, ya cire hularsa, ya ce ya yi haƙuri, jirgi ba ya tsayawa a nan. Ya ba shi shawara ya sauka Taura ya nemi jaki ya komo. Ni na san wannan ƙafar ba za ta kai ba, shi ma ya sani. Na zaci tsohon zai yi faɗa. Sai ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, shi ma da shi ne haka zai faɗa. Ya roƙi abu ɗaya, in mun zo daidai wurin in taɓa shi, tunda idonsa ba ya hangen nesa.

Na zaunar da shi a tarago na kusa da namu, bakin taga. Muka tashi. Irin ranar nan ce da sama take wankakkiya, hayaƙin jirgi yana kwanciya a kan karan gero a hankali. Duk lokacin da na samu sarari sai in tsallako barandar da ke tsakanin tarago biyun in tsaya kusa da shi, ina gaya masa abin da ke wucewa. Ga garken shanu farare, ga mata suna sussuka sun ɗaga taɓarya sun tsaya kallo, ga fadama da balbelu. Shi kuma yana kiran sunayen zango yana murmushi. Nan muka kwana uku wata shekara, nan raƙumin ubanka ya karye. In na ce mun wuce wuri kaza sai ya ce, har an wuce? Wannan ai tafiyar yini biyu ce. Rugugin ƙafafun da lilon tarago suka sa kowa ya yi laƙwas, masu kifi suka daina ciniki, akawu ya soma gyangyaɗi. Ni kaina sai na ji kamar ba tafiya muke ba, ƙasar ce ake janyewa a ƙarƙashinmu, mu muna zaune. Ina ta ganin Mamadu da allonsa a kafaɗa, yana tsallake kwatar ƙofar gidan malam.

Muka bar Gagarawa bayan azahar. Daga nan na soma lissafi. Ina da mata da 'ya'ya biyu a Nguru, in aka kore ni ba inda zan nufa sai Gure, hannun kumandan. Na yi ta gaya wa kaina taɓa shi kawai ya ce in yi. Da na hango kan tsamiyar sai na dubi tsohon. Ya riga ya zare tsumman bakin gorar, ya miƙa ta waje ta taga. Ashe niyyarsa ya watsa ruwan daga nan, iska ta kai inda ta kai.

Ban taɓa shi ba. Na tsallaka baranda na ce wa Malam Audu ina jin ƙauri a ƙafar baya. Bai tambaye ni komai ba, don doka ba ta ba shi damar tambaya ba. Ya fitar da jar tuta, ni na kama birki ina murɗawa da duk ƙarfina. Jirgi ya ja dogon numfashi ya tsaya, tsamiyar tana ɗan gabanmu kaɗan.

Shirun da ya biyo baya har yau ina jinsa. Sai kukan kurciya da hucin kan jirgi can gaba. Malam Audu ya sauka ya ɗora tafin hannunsa a kan akwatin man. Sanyi ƙalau. Ya dube ni. Sannan ya dubi ƙofar tarago, inda biyu daga cikin matan nan masu kifi, ba wanda ya sa su, suka kamo Baba Kyari suna sauko da shi.

Ya ce, "Isufu, ƙafar nan lafiyarta lau, kuma haka zan rubuta."

Na ce na sani.

Ya ciro agogonsa ya duba, ya mayar aljihu. Ya ce, "Amma tunda an ce an ji ƙauri, doka ta ce a duba kowace ƙafa. Ɗauko gwangwanin mai."

Muka fara daga baya. Mutumin da bai taɓa ɓata minti ɗaya ba, ranar sai da ya buɗe kowane akwati, ya leƙa, ya shinshina, ya sa na ƙara mai, ya rufe. Ta ƙarƙashin tarago nake hango tsohon. Ya isa gindin tsamiyar yana lalube da ƙafa, ya tsiyaye gorar a hankali har ta ƙare. Sai ya zauna a ƙasa, ya miƙe ƙafafunsa, ya jingina da itacen. Fasinjoji duk sun leƙo ta taga, har akawun da kullum yake ƙorafin latti. Da muka kai ƙafar ƙarshe, tun kafin a busa usur, ya miƙe da kansa ya nufo jirgi. Madugu ne, ya san lokacin ɗaura kaya.

Da na taimaka masa ya hau, ya riƙe hannuna bai saki ba. Bai yi mini godiya ba. Cewa ya yi, "Ashe inuwar tana da sanyi. Ban taɓa sani ba."

A Kano Malam Audu ya miƙa littafinsa, ba ƙari ba ragi. Aka kira ni ofis, aka tambaye ni ko na ji ƙauri, na ce ban ji ba. Abin da ya hana a kore ni, Malam Audu ne ya tsaya ya ce bai taɓa kama ni da ƙarya ba sai wannan, kuma ni na faɗe ta da bakina. Aka sauke ni daga jirgi, aka mai da ni gugar fitilu a tashar Nguru, shekara guda cur ina kallon jirgi yana tashi ba ni. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Baba Kyari kuwa ya kwana biyu a Kano wurin tsofaffin masu masaukinsa, ya komo gida, bai ga damina ta gaba ba.

Aikin tafiya, na jirgi ne ko na ayari ko naku na mota, abu ɗaya yake koya wa mutum, kada ka tsaya. Kuma gaskiyarsa ce, don rayukan mutane ne a hannunka. Amma na ga wanda ya riƙe wannan darasi fiye da kowa, na ga abin da ya ci masa. Saboda haka ku da birki yake ƙarƙashin ƙafarku, ba mai rubuta ku a littafi, in wata rana tsoho ya buga muku kan mota a inda ba gari ba rijiya ya ce a dakata, kada ku tambaye shi me zai yi a wurin. Ku kashe mota, ku sauka ku duba tayoyinku ɗaya bayan ɗaya.