Mai Tayil na Irving Park

A manyan gidajen unguwar Irving Park, in ana son a shimfiɗa tayil a kicin ko banɗaki, Alhaji Sualihu ake kira. Mutumin zangon Kumasi ne, shekararsa ashirin da huɗu a birnin Greensboro na Amurka. Amma ba a nan ya koyi sana'ar ba.

Yana saurayi ya faɗa Falarmo, a tsibirin Sisili, bai san kowa ba. Wani tsohon mai tayil, Kalojero, ya ɗauke shi aikin kwaɓa siminti. Tsohon akwai faɗa. Layi ya ɗan karkace, sai ya sa guduma ya farfashe, a sake daga farko.

Wata Asabar ya ce masa, "Wanke hannunka, yau ba aiki." Ya kai shi tsohuwar fadar sarakunan Norman. A cocin da ke cikinta, Girkawa sun lulluɓe bango da 'yan ƙananan duwatsu masu ruwan zinariya, Larabawa kuma sun sassaƙa rufin katako kamar saƙar zuma. Sualihu ya saki baki, har wuyansa ya ƙage.

A bakin ƙofa akwai wani allon dutse mai rubutu iri uku. Sualihu ya tsaya, ya fara bin na ƙasa da yatsa, da ɗan Larabcin da ya samu a makarantar zango.

"Kana iya karanta wannan?" in ji Kalojero.

"Kaɗan-kaɗan. Wai sarki ne ya sa a ƙera agogo, shekara ta ɗari biyar da talatin da shida bayan hijira."

Tun yana yaro tsohon yake wuce dutsen, bai taɓa jin muryarsa ba. Ya ce a maimaita masa da Larabcin, har sau uku. Daga ranar ya daina ba Sualihu kwaɓa, ya miƙa masa abin yankan tayil.

Shekara bakwai suka yi tare kafin Sualihu ya sami bizar Amurka. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya uku. Ya yi ta cewa zai koma Falarmo gaisuwa, aiki bai bar shi ba.

Sai bara 'yarsa Rukaya, da ta gama karatun jinya, ta saya musu tikiti. Suka tarar shagon tsohon ya koma na sayar da wayoyi. Kalojero ya daɗe da rasuwa. 'Yarsa Celina ta gane Sualihu tun daga bakin layi, ta riƙe hannunsa tana kuka, ta dafa musu taliya da kifi irin na da.

Washegari suka shiga fadar cikin jerin 'yan yawon buɗe ido. Rukaya na ta ɗaukar hoton rufi, ta waiwayo ta ga mahaifinta ya sunkuyar da kai.

"Baba, ka dubi sama mana!"

"Na gan shi tun ba a haife ki ba," ya ce. "Daɓen nan ne ban kula da shi ba wancan karon. Dubi yadda marmarar ta haɗu, ko allura ba ta shiga. Wani bawan Allah ya yi shekaru a durƙushe a nan."

Ya so ya taɓa, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Rukaya ta durƙusa, ta shafa a madadinsa, ta ce masa akwai sanyi.

Ran Litinin, bayan sun dawo Greensboro, ya koma wani kicin da ya bari rabi a unguwar Sedgefield.