Hannun Mai Lemo a Zuba

A shekarun da farar hula suka karɓi mulki, aiki ya cika Abuja har mu masu zane muka samu rabonmu. Kowace ƙungiya tana son fastar manna wa bango, masu buga littattafan firamare suna son hotuna. Teburina yana wani shago a saman bene a Utako, mu biyu da abokin sana'ata, ɗan Kudu, wanda a tashar mota ya tsinci Hausarsa. Ya fi ni sauri, na yarda. Amma ina ganin na fi shi ido, kuma hujjata wani tsoho ne Bakatsine mai sayar da lemo a kasuwar Zuba.

Duk Asabar da hantsi nakan hau bas in je wurinsa. Ranar farko da na fito da fensir ya ce, "Ɗan nan, ban da fuska. Ba na son a yi surata. Hannu dai, ga shi nan."

Hannun kuwa ya ishe ni. Yana fere lemo da wata 'yar wuƙa da washi ya cinye, ɓawon ya sauko a murɗe bai tsinke ba, jijiyoyin bayan hannun suna motsi. Duk kakan da na zana a littafin yara, duk manomin da ke riƙe da taki a fasta, hannun tsohon nan ne. Ban taɓa gaya wa kowa inda nake samowa ba. Nawa ne, haka na ɗauke shi.

Wata Asabar abokin nawa ya maƙale mini, wai matarsa tana kwaɗayin kankana. Na tafi da shi ba da son raina ba. Ko takarda bai ɗauko ba. Ya zauna a kan buhu, ya tsotsi lemo ya ce, "Baba, wannan lemo ta fi ƙarfina, ta shiga kaina." Tsohon ya tambaye shi ko lemon mace ce. Suka yi ta shirme, ni ina sunkuye ina zana babban yatsa.

Bayan 'yan kwanaki na shigo shago na tarar da tsohona a kan teburin abokina. Fuska ce sosai, yana dariya, hula ta zame baya. Don kalanda ya zana ta, daga ka. Ta yi kyau, kuma kyan ne ya ɓata mini rai. Abin da ya fi cina shi ne wushirya. Na shekara nawa a gaban mutumin nan ban san yana da ita ba.

Na ce, "Ai bai yarda a zana fuskarsa ba."

Ya ce, "Oga, ni ban zana shi ba. Wani Baba ne a cikin kaina."

Asabar na yi na tafi Zuba kai ƙara. Na shirya maganar tun daga Utako, har na hango yadda ran tsohon zai ɓaci. Na zayyana masa komai. Ya ƙarasa fere lemon hannunsa, sannan ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. To, ya fito da kyau?"

Na ce ba laifi.

"Yaron nan akwai ban dariya. Me ya hana ka zuwa da shi?"

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur, inda yake ajiye na manyan baƙi, ya zaɓo lemo manya masu ɓawo sumul, ya fere su da kansa ya zuba a leda. Ni na saman tebur yake ba ni kullum. Ya ce in kai masa, in gaishe shi.

A cikin bas na buɗe ledar. Kafin mu wuce Kubwa na shanye su tas. Zaƙinsu har yau haushi yake ba ni.