Baba Mai Alli da Ƙafafun Bututu

Kullum kafin a busa ƙahon shiga aiki za ka tarar da shi durƙushe a ƙarƙashin bututun tururi na masana'antarmu, da guntun alli a bayan kunne. Shi ya sa muke kiransa Baba Mai Alli. Shekara talatin da ɗaya yana zana hanyoyin bututu, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

A inda bututu ya yi gwiwa ya miƙe sama, akan haɗa wa gwiwar wani guntun bututu da walda, ya zama ƙafa, ya tsaya a kan farantin ƙarfe ya ɗauki nauyin. Baba yakan ja layi a gefen ƙafar tun bututun na sanyi, in ya yi zafi ya dawo ya ga yadda ta matsa. Mun sha yi masa tsiya, wai tsoho ya koma wasan yara. Har da ni, kuma yau kunya nake ji.

Wata shekara wani ɗan kwangila ya ga ƙafafu huɗu zaune haka kawai, ya sa aka liƙe su da farantansu da walda, wai ya ƙara ƙarfi. Saura kwana ɗaya a kunna tukunyar tururi. Baba ya ce sai an yanke waldar.

Manaja ya ce, "Haba Baba, abu ya zauna daram, ka ce a sake shi?"

"Ranka ya daɗe, ƙarfe in ya ji wuta miƙa yake yi. In ka ɗaure masa ƙafa, a kan gwiwa zai huce haushinsa, ta tsage."

"In muka makara, kai za ka ɗauki laifin."

"Na ɗauka. Amma ba zan sa hannu a takardar kunnawa ba."

Aka yanke waldar, aka makara kwana uku, aka hana shi ƙarin girma a shekarar. Da aka kunna, kowace ƙafa ta matsa faɗin yatsa biyu. Teburin aikinmu yana ƙarƙashin gwiwa ta uku, mu shida muke tsayawa a wurin.

Baba, kai ne ka fanshi rayukanmu da ƙarin girmanka, ba ka taɓa yi mana gori ba. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai albarka. Ku kuma masu tasowa, in kun ga abin da zai cuci mutane, ku ƙi sa hannu, ko da za a ji haushinku. 'Ya'yana uku duk bayan wannan ranar aka haife su.