Ganyen da sunansa ya ɓace mini

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Malam, mijina kuma uban 'ya'yana biyar. Allah ya haskaka kabarinsa. Ina wannan rubutu ne daga Doha, daga wani bene a unguwar Bin Mahmud, inda na zo wa autata Hadiza wankan jego. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, don haka masu karatu ku yi haƙuri da hannun tsohuwa.

Malam ɗinki ne sana'arsa, amma idan damina ta ja baya, kowace Juma'a bayan la'asar yakan rufe shago ya tasa mu gaba zuwa kufan tsohon garinmu, wanda kakanni suka tashi daga cikinsa tun kafin a haife mu. Babu komai a wurin sai guntayen katanga da ramukan marina da kukoki. Shi kuwa gari yake gani. Zai nuna wani tudu ya ce nan maƙera suke, ya tsaya gindin tsamiya ya ce nan mata ke hutawa in sun ɗebo ruwa. Kowace ciyawa sai ya durƙusa ya faɗi sunanta da amfaninta, yara su maimaita. Hadiza ce kaɗai ba ta maimaitawa. Kullum tana baya tana ƙorafin ƙaya, tana neman a goya ta.

Bayan rasuwarsa ni na riƙe sunayen nan. Yara sun watse, kowa da hidimarsa, ni kuma kai ya fara yoyo. Wani lokaci ina kwance sai in riƙa lissafa su kamar mai jan carbi, in ga ɗaya ya zame. Tsorona shi ne ranar da za su ƙare a kaina, a binne su tare da ni, jikokinsa ba su samu ko ɗaya ba.

A nan yara daga lif, na'urar hawa da sauka bene, sai mota, daga mota sai kanti mai sanyi. Jikata Siyama, 'yar Hadiza mai shekara takwas, ta san sunan kowace tashar jirgin ƙasa, amma ba ta taɓa cire ƙaya daga ƙafarta ba. Nakan ce ko me Malam zai ce? Ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai leƙa ta taga ne ya tambayi inda garin ya ƙare.

Da aka yi arba'in, sanyi ya shigo, surukina, mijin Hadiza, ya ce zai kai mu shan iska can arewacin ƙasar nan, wani ƙauyen masunta da mutanensa suka tashi tuntuni. Mun isa da hantsi. Gidajen dutse da laka babu rufi, ɗan masallaci a tsaye, teku a kwance shiru kamar an shimfiɗa shuɗi. Iska na shiga ta ƙofa tana fita ta ƙofa. Sai na ji kamar in na waiwaya zan ga Malam da hularsa a karkace, yana auna inda matan wurin suke shanya kifi. Ashe kufai duk inda yake ƙamshinsa ɗaya.

A gefen wata katanga na ga wani ɗan tsiro mai ƙananan ganye da furanni rawaya da 'ya'ya lanƙwasassu. Na san shi kamar yunwar cikina. Na kira Siyama, na durƙusa yadda kakanta ke yi, na buɗe baki, sunan ya ƙi zuwa. Yarinya tana kallona tana jira. Surukina, don ya rufa mini asiri, ya ciro waya zai ɗauki hoton ganyen wai wayar za ta faɗa mana sunan. Na sunkuyar da kai, idona ya cika.

Hadiza tana can baya da jariri a kafaɗa, ko matsowa ba ta yi ba.

"Filasko ne, Inna," in ji ta. "Shi Baba ke cewa zai dafa wa duk wanda ya ce ya gaji, ya ga ko cikinsa zai bar shi ya zauna."

Na ce, "Ke da ba kya saurare?"

"To ai ni ake yi wa barazanar."

Muka yi dariya har jaririn ya farka. Daga nan ta miƙa wa mijinta shi, ta kama hannun Siyama suka yi gaba. Ina jiyo ta tana nuna mata tumfafiya, tana gargaɗinta kan ruwanta da ido, tana jan ƙarshen magana yadda ubanta ke ja. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Malam bai bar gona ba, keken ɗinkinsa ma tsatsa ta cinye. Na daɗe ina zaton ni ce rumbun abin da ya bari, ina gadi ina fargaba. Ashe ya zuba irinsa har a inda na ɗauka fako ne. Na zauna a kan guntun katangar masuntan nan na miƙe ƙafa, na bar su suka yi nisa. Yanzu in wani suna ya zame mini, ba na binsa da gudu.