Safar Gola

Shekara goma sha tara Baba Mai-wanki yana wanke kayan ƙungiyar ƙwallon jami'a, riga ashirin da biyu, safa arba'in da huɗu. Da suka ci wasa tara a jere, gola ya hana a taɓa safarsa, wai sa'arsu na ciki. Ana gobe wasan ƙarshe wari ya ishi Baba, ya tsoma ta a ruwan sabulu.

Kyaftin ya tare shi a bakin famfo. "Tsoho, in aka ci mu, ka kwashe bokitanka."

"Ku je ku buga, ƙazamai," in ji Baba.

Suka ci ɗaya da nema, suka ɗauki kofi. Ba a kore shi ba, amma har yau gola ba ya gaishe shi, wai da ba a wanke ba, da uku suka ci.