Kawu Filibus da Mudun Turanci

Ku da kuka san Kawu Filibus kun san ba a yi masa tambaya a tsaye. Ko hanyar rijiya ka tambaye shi, sai ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Zamna tukuna. A Girkanci..." Shi ke nan, aikinka na ranar ya sha ruwa.

Ƙanen Innarmu ne. Mahara suka ɗauke shi yana yaro a gonar gero bayan Nahuce, aka yi kudu da shi, Turawan mishan suka raine shi, suka koya masa aikin kafinta da addininsu. A shekarun da ake shimfiɗa layin dogo zuwa Gusau ya dawo da zarto da littafin addininsu na Turanci, yana bin ƙauyukan Bunguɗu yana cigiyar danginsa. Inna ta dubi tsagen fuskarsa, irin nata sak, ta ji sabon sunansa, ta ce, "Ƙanena an tahi da shi. Wanga baƙo na, a ba shi zaure." Iyakarsa zaure ke nan. Mu muna ce masa Kawu, ita kuwa "baƙon nan" take cewa, tuwonsa ma aikowa take yi. Abin yana cin sa, kowa ya sani, amma bai taɓa kai kuka wurin kowa ba.

Wani tsohon Bature ne ya gaya masa da Girkanci aka fara rubuta littafin, Turancin fassara ce. Tun daga ranar Kawu ya ɗauki Turanci ɗan kasuwa mai tauye mudu. Kalmomin Girkancin da ya riƙe ba su taka kara sun karya ba, amma wallahi mun ɗanɗana kuɗarmu da su.

Akwai wata kalma wai ita filoksaniya. "Turanci ya ce a karɓi baƙo," in ji shi, "Girkanci kuwa cewa ya yi a so shi. Karɓa daban, so daban." Ya je kasuwar Tsafe sayar da kujeru, sai ga shi ya dawo da wani Bafillace da iyalinsa da shanunsu, wai ya gan su ba masauki. Kafin su tashi, shanun sun gama da harawar Baba, mutanen sun yi wa rumbunmu rami.

Baba ya ce, "Filibus, Girkancin nan naka ya faɗi rumbun wa za a buɗe?"

Kawu ya cire hula, ya yi dogon tunani. "Bai faɗi ba," ya ce. "Amma ni ba ni da rumbu."

Mutanen kudu masu aikin dogo, waɗanda suke taruwa ran Lahadi a Gusau, suka naɗa shi babba a cikinsu. Muka je yi masa murna, ya ce mu bar murna, sunan muƙamin diyakonos, ma'anarsa mai ɗaukar akushi. Ranar sunan 'yata ta fari kuwa ya ɗaura fatarsa ta aiki, ya tsaya bakin zaure yana karɓar akusa yana rabawa, ya hana samari taɓawa. Garin rawar jiki ya juye miyar kuka a rigar liman.

Liman ya dubi rigarsa ya ce, "Malam Filibus, in sun ƙara maka girma, ka aiko mani in zamna gida."

Wadda ta fi ba mu dariya ita ce ta tausayi. Kawu ya ce Turanci a fatar baki yake tausayi, Girkanci kuwa a hanji yake ajiye shi, sai cikin mutum ya juya. Saboda haka in ya ga makaho ko jaki mai gyambo, sai ya dafe ciki ya sunkuya yana nishi. Wata rana Inna ta hango shi ta ƙofar zaure a haka. Ta koma ta dafa saiwoyi da jar kanwa, ta fito da kanta ta miƙa masa ƙwarya. "Sha," ta ce. Ya shanye tas. Duk ranar yana hanyar bayan gari. Daga nan ya zama ƙa'ida, ya dafe ciki, ta dafa, ya sha, har ya rame.

Na ce, "Kawu, ka gaya mata lafiyarka ƙalau mana, kafin maganin nan ya kashe ka."

Ya ce, "Kai yaro na. Da hannunta ta ka miƙo man. Ko gobe ta kawo, sha za ni yi."

Ban ƙara yi masa dariya a kan wannan ba.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da shi, na gaske wannan karon, ya daina cin abinci, ya daina magana. Inna ta fito zaure ta tsaya a kansa ta daɗe, sannan ta ce mu ɗauke shi mu kai ɗakinta. Muka shimfiɗe shi a gadonta na kara. Ta dama kunu, ta tallafo kansa, ta ce, "Tanko, tashi ka sha."

Muka dubi juna, don babu wanda ya taɓa jin sunan nan a gidanmu. Kawu ya buɗe ido ya ce, "Na'am, Yaya."

A ɗakin ya cika. Mutanensa na Gusau suka zo yi masa sutura irin tasu, ba su da yawa, mu muka haƙa musu kabarin. Inna ta zauna karɓar gaisuwa, duk wanda ya shigo tana ce masa ƙanenta ne ya rasu.

Ya Allah, Kai Ka san shi tun yana Tanko a gonar gero, Ka san duk hanyar da aka bi da shi. Mun bar maka shi, Ka dube shi da idon rahama.