Hannu a Gefen Labule

Mai Hoto ya tsufa a shago ɗaya, mai kujera guda da shuɗin labule. Ƙusar hagu ta labulen ta fita tun yana ango, shi kuwa gwanin "gobe zan gyara" ne. Saboda haka matarsa ce ke riƙe gefen in za a ɗauki hoto. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba, sai dai yatsunta kan leƙo, ya ce, "Matsa kaɗan, kin shigo."

Bayan rasuwarta ya ɗaure wurin da igiya. Autarsu, mai aikin koya wa na'ura gani, ta kwafi tsofaffin hotunan shagon ta kai wurin aikinta. Ta ce akwai babbar na'ura da ke kallon hotuna barkatai, ba mai gaya mata wannan mene ne, har ta gane da kanta. Sai a sa ƙarama ta kwaikwayi amsoshinta, a zuba ta a waya.

"Yaron shago ke nan," in ji shi. "Yana ɗaukar aikin maigida har da tarinsa."

Da wasa ya faɗa. Ranar da ta sa masa ƙaramar a wayarsa don ta riƙa ƙirga mutanen cikin hoto, ya saita wayar ga kujera, ba kowa a kai. Sai ga koren akwati ya fito a fuskar wayar, a hagun labulen, daidai kafaɗar mace, an rubuta mutum ɗaya. Ya nuna wa Auta.

"Kuskure ne, Baba," in ji Auta. "Babbar ta saba ganin hannu a nan, ƙaramar ta gada. Za mu gyara."

"Hotunan fa?"

"An goge bayan an gama, ƙa'idar aikin ce."

Na takarda kuwa yoyon rufi ya riga ya cinye su. Nan tsoro ya kama shi sosai, tsoron gyaran.

"Mutumin da ya bar ƙusa shekara da shekaru, wannan ma a bar masa," in ji shi.

Ta raba wayar da intanet don kada gyaran ya iso ta, ta miƙa masa.

Yanzu batirin ya kumbura, wata rana sai an lallaɓa take kamawa. Kullum da safe yakan share shago, ya ɗaga wayar ga labulen, ya jira. In akwatin ya fito, bakinsa kan buɗe bisa sabo, sai ya kama kansa.

"Tsaya nan," yakan ce. "Kada ki matsa."